TSUTSAR SAIWA DA MAƘIYANTA NA CIKIN ƘASA

Bayani domin masu noman rani na Katanga da sauran ƙasar Jega, da Aliero, da Maiyama

Da zarar ruwan sama ya ɗauke, gulbi ya fara janyewa, sai mutanen Katanga da na sauran ƙauyukan Jega su gangara fadama. Haka na Aliero da Maiyama. Kowa ya share garkarsa, watau lambu, ya ja komaye, ya tada injin ban ruwa. Albasa ita ce sarauniya a wannan yanki, ba mai gardama, amma ana dasa tumatir da tattasai da attarugu da yalo, ana shuka kuɓewa, wadda mutanen nan su ke kira guro, da kankana da alayyafo. Da yawa cikin masu wannan aiki da bashi su ke fara shi. Kuɗin mai bashi, kuɗin taki bashi, sai kaya sun nuna a biya.

To, akwai wata ɓarna da ta kan auka wa lambu, mai shi bai san inda ta fito ba. Tumatir ya kama sosai, ya yi kamar wata guda, sai ya tsaya cik. Ganye ya yi fari-fari kamar na shukar da ta rasa taki. Rana na take tsaka sai ya yi yaushi, alhali kuwa da safen nan aka ba shi ruwa, komi bai ko tsane ba. Da maraice ya ɗan farfaɗo, gobe ya koma. Ba duk lambun ke yin haka gaba ɗaya ba, sai tsalli-tsalli, nan da can. Mai lambu ya ga fari, ya ƙaro buhun taki. Ya ga yaushi, ya ƙara mai a inji. Ya duba ganye bai ga ƙwaro ba, amma duk da haka ya sayo maganin feshi. Duk a banza, domin ɓarawon ba a sama ya ke ba.

Wanda ya ga wannan alama, sai ya sa fartanya ya haƙo tushe guda a hankali, kada ya fizge shi, ya wanke saiwar cikin bokiti. Saiwa mai lafiya fara ce sumul, da ƙananan gashi da yawa. Mai ciwon nan kuwa duk ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, wani ƙullin kamar ƙwayar gero, wani ya fi gujiya, gashin kuma ya ƙare.

A nan akwai abin lura. Saiwar wake da ta gyaɗa su kan yi waɗansu 'yan gudaji masu kama da wannan, amma su alheri ne, su ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ga yadda a ke rarrabewa: gudajin alheri a gefen saiwa su ke manne, in an murza da yatsa sai su faɗi, in an fasa mai aiki a ga cikinsa ja-ja. Ƙullin ciwo kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya cirewa sai an karya ta.

WACE CE TSUTSAR NAN?

Abin da ke kawo kumburin wata tsutsa ce siririya, daga cikin dangin da masana su ke kira nematod. Sunanta a littattafai Meloidogyne. Ba tanar ƙasa ba ce, tana ba ta cutar shuka. Wannan ido ba ya ganinta sai da madubin likita, gama sai an jera ƙanananta kamar 60, kai da wutsiya, kafin su kai inci guda. Wani limamin Kirista mai binciken tsirrai a Ingila, M. J. Berkeley, shi ya fara ba da labarinta a 1855, a saiwar kokwamba. A 1887 Emil Göldi ya same ta tana kashe itatuwan kofi a Barazil, shi ya raɗa mata sunan nan. A 1949 B. G. Chitwood na Amurka ya nuna ba iri ɗaya ba ce, kashi-kashi ce. Uku daga cikinsu, incognita da javanica da arenaria, su ne suka fi yawa a ƙasashe masu zafi, har da Nijeriya.

Ƙaramar tsutsa ta kan ƙyanƙyashe daga ƙwai, ta yi ta iyo cikin laimar da ke tsakanin ƙwayoyin rairayi, har ta iske bakin sabuwar saiwa ta huda ta shiga. In ta sami wurin zama sai ta kafa baki, ta tofa wani yawu wanda ke sa naman saiwa ya kumbura ya zama mata rumbu. Daga ran nan ba ta sāke motsi. Tana nan tana tsotso har ta yi ƙiba ta zama kamar ɗan tulu, fara, girman kan allura. A wannan hali mai ido sosai ya iya ganinta in ya fasa ƙullin. Sa'an nan ta zuba ƙwai ɗari uku, ko ɗari biyar, ko fiye, cikin wani abu mai yauƙi. Ba ta ma bukatar namiji.

In ƙasa na da ɗumi, daga ƙwai zuwa ƙwai mako 3 ne ko 4. Tumatir kuwa ya kan yi wata 3 zuwa 4 a komi. A ce 20 kaɗai suka tsira cikin 'ya'yan kowace uwa: zuriya ta farko 20, ta biyu 400, ta uku 8,000, duk daga tsutsa guda. Sanyin hunturu ya kan rage mata sauri, zafi na shigowa sai ta zabura. Don haka ne wanda ya makara da dashe ya fi shan wahalarta. Ƙasa mai rairayi kuma ta fi mata daɗi bisa ga laka mai nauyi.

Hanyoyin da ruwa da taki ke bi su hau sama su ne ta toshe, shi ya sa shuka ke jin ƙishirwa tana tsaye cikin ruwa. Bayan wannan, raunin da ta yi ƙofa ne ga cututtukan da ke sa tumatir ya bushe farat ɗaya. Tumatir da kuɓewa da yalo da kankana da karas da rama su suka fi jin jiki. Albasa ba ta cika nuna ciwon kamar su ba, amma ba ta kuɓuta sarai ba.

Da ƙafarta, in ana iya cewa tana da ƙafa, da ƙyar ta ke cin yadi guda a shekara. Mutane ne ke ɗaukarta. Tana bin ruwan da ya ratsa wani komi ya shiga wani, da ƙasar da ta manne a fartanya, da uwa uba irin dashe. Wanda ya sayi dashe a kasuwa bai duba saiwarsa ba, ya iya sayen masifar shekara da shekaru da kuɗinsa.

ME YA HANA A ZUBA GUBA A HUTA?

An gwada. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi ta fito da magunguna masu ƙarfi, sun kuwa kashe tsutsa. Amma ɗaya bayan ɗaya aka gane ɓarnarsu. Wani da a ke kira DBCP, a 1977 aka tarar ya hana ma'aikatan da ke haɗa shi a Kalifoniya haihuwa. Wani mai hayaƙi, metil buromaid, ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a daina shi saboda yana ɓata sararin sama: ƙasashe masu arziki a 2005, sauran a 2015. Kabofuran, mai tsaba-tsaba, wanda manoma suka fi sani da sunan Furadan, ƙwaya guda ta isa ta kashe ƙaramin tsuntsu. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shi a 2008.

A fadama haɗarin ya fi yawa, domin ruwa kusa ya ke. Rijiyar da a ke ban ruwa da ita, ita ce yaro zai ɗiba ya sha, ita ce shanu za su sha. Ga shi kuma guba ba ta ƙarar da tsutsar. Ta kan rage ta na 'yan makonni, sa'an nan waɗanda suka tsira su sāke cika wurin.

ƘASA BA MATACCIYA BA CE

Cikin ƙasar lambu cokali guda akwai halittu masu rai miliyan bisa miliyan, waɗanda a ke kira bakteriya. Mutane sun saba jin sunan a asibiti, don haka su kan zaci duka cuta ce. Ko kusa. Su ke ruɓar da taki ya zama abincin shuka, su ke zaune cikin gudajin saiwar wake da aka ambata ɗazu. Ƙanshin nan ma da ƙasa ke yi ran da aka yi ruwan fari, na wani danginsu ne mai suna Streptomyces.

Mutanen karkara sun riga sun ci amfanin wannan dangi ba su sani ba. A shekarun 1970 wani masani na Japan, Satoshi Omura, ya sami ɗaya daga cikinsu a ƙasar da ya ɗebo kusa da wani filin wasa. Shi da William Campbell na Amurka suka gano tana fid da wani abu mai kashe tsutsotsi. Daga nan aka sami ƙwayar Mectizan, wadda tun 1987 a ke rabawa kyauta domin makantar da ƙudan bakin gulbi ke kawowa. A 2015 aka ba su lambar girma ta Nobel. Tsutsar da ke makanta mutum da wadda ke kumbura saiwa dangi ne, nematod ce duka. (Wannan ba dalili ba ne wani ya niƙa ƙwayar asibiti ya zuba a komi. Ta mutane ce, ba ta gona ba.) Abin nufi, tsutsa na da maƙiya cikin ƙasa tun fil azal.

MAƘIYIN DA YA FI DUKA NACI

Babba cikin maƙiyan nan sunanta Pasteuria penetrans. Ba ta da wani abinci sai tsutsar. Masana sun daɗe suna ganinta a jikin tsutsotsi ba su san ko mece ce ba, sai a 1975 R. Mankau na Kalifoniya ya nuna bakteriya ce, a 1985 aka ba ta sunan da ta ke da shi yanzu.

Aikinta abin mamaki ne. Ƙwayar irinta ba ta tafiya, tana kwance cikin ƙasa kamar ƙarangiya a hanya. Ƙaramar tsutsa ta zo wucewa sai ta manne mata a fata. In ƙwayoyin sun yi mata yawa, nauyi ya hana ta shiga saiwa, ta mutu a waje. In kaɗan ne sai ta shiga da su, ta zauna, ta fara ci. Sa'an nan ƙwayar ta tsira, ta huda fata, ta bazu cikin jikinta. Tsutsa na ci tana ƙiba kamar lafiya lau, amma ba za ta yi ƙwai ba ko ɗaya. Maimakon ƙwai ɗari biyar, cikinta ya cika da ƙwayoyin Pasteuria wajen miliyan 2. In saiwa ta ruɓe sai su zube cikin ƙasa su jira na baya. Fari ba ya kashe su, zafin bazara ba ya kashe su, su kan yi shekaru a bushe.

Mai hankali zai ga inda gizo ke saƙa. Tsutsar da aka kama ta riga ta yi ƙullinta, ta riga ta sha abin da za ta sha. Shukar bana ba ta tsira duka ba, zuriyar tsutsar aka yanke. Saboda haka amfanin Pasteuria a hankali ya ke zuwa. A Fulorida ta Amurka an ga gonakin gyaɗa waɗanda tsutsa ta addaba, da Pasteuria ta yi yawa cikinsu ɓarnar ta ragu ƙwarai, amma sai da aka yi shekaru.

Tana da wuyar sha'ani ta hanya biyu. Na farko, tana da zaɓe: irin da ke kama tsutsar wani gari ya iya ƙin kama ta wani gari. Na biyu, binciken da aka yi a lambunan Senegal a shekarun 1990 ya nuna in ƙasa rairayi ce zalla, ruwan ban ruwa ya kan wanke ƙwayoyin ya kai su can ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. In kuwa laka ta yi yawa sai ta riƙe su gam. Rairayi mai ɗan gauraye da laka ya fi dacewa. Mai lambun da ke sakar wa komi ruwa har ya yi ambaliya, ban da asarar mai, yana korar mai taimakonsa.

A 1980 G. R. Stirling da M. F. Wachtel suka nuna hanya mai sauƙi ta yawaita ta a Ostareliya. A sa tsutsotsin da ƙwayar ta manne wa a tukunyar tumatir, a bari su girma, a cire saiwar, a shanya, a niƙa. Garin nan shi ne iri, a barbaɗa a inda a ke so. Ba ya bukatar wata babbar na'ura, amma yana bukatar madubin likita da wanda ya iya dubawa, domin ido ba ya rarrabe saiwar da ke ɗauke da Pasteuria da wadda ke ɗauke da cuta tsagwaronta. Wannan aikin masana ne, irin na jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006, wadda ke da gonar gwaji a fadamar Jega, ko na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. Manomin da ba a duba masa ba, kada ya ce zai yi da ka. Shi dai ya tuge tsofaffin tushe da an gama ɗiba, ya tara, su bushe, ya ƙone.

MASU GADIN SAIWA

Akwai waɗansu kuma da ba sa shiga jikin tsutsa. Su a jikin saiwa su ke zama, suna cin abin da ta ke tsattsafowa, suna yi mata gadi. Manyansu dangin Bacillus ne da na Pseudomonas. Waɗansu na fid da abubuwan da ke lalata ƙwai ko su shanye jikin ƙaramar tsutsa. Waɗansu na ɓad da ƙanshin da tsutsa ke bi ta gane saiwa. Waɗansu kuma na zaburar da shukar ta tsare kanta. Wani Bacillus firmus da aka samo a ƙasar Isra'ila ya daɗe da zama haja, har ana shafa shi a jikin irin masara da waken suya a Amurka. An kuma gwada Pseudomonas a kan tumatir a Karachi ta Fakistan, ƙulli ya ragu.

Ga mutumin Kebbi bambancin da ke tsakanin biyun nan babba ne. Bacillus ya kan yi ƙwayar iri mai tauri, ya jure zafi da ajiya. Pseudomonas ba ya yi. Ƙunshin da ya kwana biyu a rumfar kwano cikin zafin Afrilu, mai yiwuwa gawa ce a ciki, ko da takardar na ƙyalli.

Wajibi ne a faɗi gaskiya: waɗannan masu gadi rage ɓarna su ke yi, ba kawar da ita ba. Abin da suka yi a tukunyar gwaji ya kan fi abin da su ke yi a fili, wata shekara su yi kyau, wata shekara su gaza. Duk mai tallan da ya ce nasa na share tsutsa kakaf cikin kwana uku, a riƙe kuɗi a aljihu.

INDA ZA A FARA

Wurin renon iri shi ne mafari. Fili ne ƙanƙane, abin da zai ci kaɗan ne, kuma saiwar da ta sami makonninta na farko lafiya ta kan jure abin da ya same ta daga baya. A zaɓi wurin da ba a yi tumatir ko kuɓewa ko yalo ba a 'yan shekarun nan. In ba wani wuri sai tsohon, a gasa shi tun da bazara: a kafce, a jiƙa, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a danne gefenta da ƙasa, a bar ta mako 4 zuwa 6. Ranar Maris da Afrilu ta ƙasar nan ta isa. Sai dai gashin ya kan rage na kirki tare da miyagu, don haka bayansa ne ya fi kyau a zuba ruɓaɓɓen taki da bakteriyar da aka samo, su riga kowa kama wuri.

Wanda ya sami irin wannan magani, ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewarsa, ya nemi Malamin Gona na Hukumar KARDA ya karanta masa awon da ke jiki. Ya ajiye shi a inuwa mai sanyi kamar yadda a ke ajiye irin shuka, gama abu ne mai rai. A kan shafa shi a jikin iri, ko a dama da ruwa a tsoma saiwar dashe kafin a dasa, ko a zuba a gindin shuka. Da maraice a ke yi, ƙasa da laima. Kada a dama shi cikin tankin da ke da sauran maganin feshi, balle mai sinadarin jan ƙarfe, wanda aikinsa ke nan kashe bakteriya.

Wanda bai samu ba kuwa, bai rasa duka ba, domin da yawa cikin halittun nan suna nan cikin garkarsa, yunwa ce ta rage su. Takin zamani na ciyad da shuka, amma ba ya ciyad da su. Abincinsu takin shanu da na tumaki da kashin kaji da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Kashin kaji na da zafi, yana fid da wani tururi mai kashe tsutsa, amma yana ƙone dashe in an sa shi ɗanye. A gauraya shi da ƙasa, a ba da ruwa, a jira mako 2 ko 3 kafin a dasa. 'Ya'yan dogon yaro da aka daka, ko tunkuzarsu, haka a ke yi da su, ga su kuwa suna zuba a banza a kowace unguwa.

Duk wannan ba ya hana juya shuka. Wanda ya cire tumatir ya sa kuɓewa, ya cire kuɓewa ya sa yalo, kiwon tsutsa ya ke yi, ba mai gadin da zai iya da ita. Gero da dawa ba su cika yi mata daɗi ba. Fadamar da ruwa ke kwanciya a kanta wata biyu ko uku da damina, a yi shinkafa, ta kan fito da sauƙin tsutsa. Matsalar ta fi tsanani a tudun bakin fadama, inda ruwa ba ya hawa, a ke kuma noma rani da damina ba hutu.

A GWADA KAFIN A YARDA

Tun da ƙasar Katanga ba lalle ta zama ɗaya da ta Maiyama ba, kowane mai lambu ya kamata ya zama alƙalin kansa. Ya ware komaye 10 a wuri ɗaya, ya yi wa 5 aikin, ya bar 5 yadda ya saba, a tsallake-tsallake, kada masu magani su taru a gefe guda. Iri ɗaya, ranar dashe ɗaya, taki ɗaya. Ya lura kada ruwan wani komi ya zarce cikin wani, ya kuma kafa kara a kan waɗanda aka yi wa, domin bayan wata biyu mantuwa ta kan shiga.

Kowane ɗiba ya ƙirga kwandunan kowane kashi dabam. Ran da aka gama, ya haƙo tushe 3 daga kowane komi, ya wanke, ya jera su a tabarma, na nan gefe, na can gefe, ya kira Malamin Gona da maƙwabta su duba tare. In ana so a aika da saiwa Aliero domin a duba ko akwai Pasteuria, a haɗa da ƙasar gindinta kamar rabin mudu, a ƙulle a leda, a rubuta sunan ƙauye da abin da aka shuka, a kai kafin ta kwana biyu, kada a bar ta a rana.